Gulab Jamun a Waya, Nakiya a Turmi

Duk malamin da ke koyarwa a Magarya ko Dungas, da duk uban da 'ya'yansa mata suka fara tasawa, ya san wani sabon baƙo da ya shigo gidajenmu ta cikin salula. Bayan sallar isha'i, in an samu caji da ɗan kuɗin intanet, sai ka ga 'yan mata uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda, suna kallon hannun wata mata a Indiya tana mulmula ƙulli, tana jefawa a mai, tana tsamewa tana zubawa a ruwan sukari. Ba sa jin yaren da take yi, amma sun haddace sunayen tsaf: gulab jamun, jalebi, laddu, barfi. A finafinan Indiya suka fara jin su, musamman waɗanda ake juyawa zuwa Hausa a Kano, inda ba a yin biki ko albishir sai an cusa wa wani laddu a baki. Daga fim sai YouTube da TikTok, daga nan kuma sai murhu.

Na sha jin iyaye a majalisa suna ƙorafi cewa Indiya ta gama da mu, ga rawa, ga soyayya, yanzu kuma har tukunya ta shiga. Finafinan nan dai tun wajejen 1960 suke tare da Bahaushe, kuma masu ƙorafin da yawansu da su suka girma. Ni a ɓangaren girki ban ga abin tashin hankali ba. Yarinyar da ta kwana tana tunanin yadda za ta sarrafa madara da sukari ba ta lalace ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yarinyar nan za ta iya faɗa maka cokali nawa na sukari ake sa wa gulab jamun, amma ba ta san yadda ake nakiya ba, alhali mai yin nakiyar tana zaune a ɗaki na gaba, tana jan carbi.

Mu fara da sunaye, domin a nan ne mutum zai gane cewa baƙon nan ɗan uwa ne da ya daɗe a tafiya. Alewa da muke cewa, daga Larabci ta zo, halawa, kuma ita ce dai kalmar da mutanen Indiya da Pakistan ke kiran halwa. Sukari ma ta bakin Larabawa muka karɓe shi, su kuma sun karɓo daga Farisawa, Farisawa daga tsohon harshen Indiya, inda ake ce masa sharkara. Can ne aka fara gano dabarar daskarar da ruwan rake ya koma ƙwaya-ƙwaya. Wato duk ranar da ka ce wa mai shayi ya ƙara maka sukari, ka yi Indiyanci ba ka sani ba. Jalebi, wannan mai lauje-lauje da ake soyawa a jiƙa a ruwan sukari, Larabawa na kiransa zalabiya, kuma yana cikin littafin girkin da Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara a Bagadaza a ƙarni na 10. To dubi alkakinmu: alkama ce ake ɓarzawa, a kwaɓa da nono, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a murza, a naɗe, a soya, sannan a tsoma a zuma ko a ruwan sukari da aka sa wa tsamiya ko lemun tsami. Tsami, suya, jiƙo. Hanyar jalebi ke nan daga farko har ƙarshe, sai dai ƙullin jalebi ruwa-ruwa ne, na alkaki kuma da ƙarfi, shi ya sa alkaki ke yin watanni a cikin kwalla bai lalace ba.

Haka abin yake tafiya in ka ci gaba da jerawa. Abin da suke kira gur, dunƙulen ruwan rake da aka dafa har ya daskare, shi ne mazarƙwaila, irin wadda aka san ƙasar Maƙarfi da ita, take kuma shigo mana kasuwannin bakin iyaka. Chikki, gyaɗa ce a cikin narkakken gur, wato alewar gyaɗa. A tsakiyar watan Janairu, lokacin bikinsu na Makar Sankranti, suna dunƙula riɗi da gur su raba wa maƙwabta, daidai lokacin da sanyi ya kankama a nan, kantu ya cika farantan talla. Barfin madara kuwa, ka sa shi kusa da tuwon madara, sai wanda ya ɗanɗana zai raba su.

'Yata ta biyu ta taɓa matsa mini sai da na sayo mata kayan gulab jamun ana gobe sallah. Madarar gari, fulawa, sukari, mai. Sauran da matar cikin wayar ta lissafa, ruwan wardi da za'afaran da wata 'yar ƙwaya mai ƙamshi da Larabawa ke sa wa gahawa suna ce mata hel, babu su a kantin unguwa, sai muka maye da kanumfari. Ta yi abinta, ya yi ja, ya sha ruwan sukari ya kumbura. Ta zuba a faranti ta kai wa mahaifiyata tana ta rawar kai.

"Kaka, ga abincin Indiya, yau sai kin yarda na fi ki."

Inna ta ɗauki guda, ta latsa da yatsa, ta gutsira, ta daɗe tana juya shi a baki.

"Kishiya, wannan ai gullisuwa ce ta faɗa rijiya."

Aka yi ta dariya, amma tsohuwar ta faɗi gaskiya. Gullisuwa madarar gari ce da sukari a mulmula a soya. Bambancin shi ne ba a jiƙa ta. Da na bincika sunan ma, sai na tarar gulab ruwan wardi ne da Farisanci, jamun kuma wani ɗan itace ne baƙi mai sheƙi, wanda duk ɗan ƙasar nan in ya ga hotonsa zai rantse ɗinya ce.

Sai dai akwai wani bambanci da waya ba ta nunawa. Asalin gulab jamun da barfi ana yin su ne da ɗanyar madara da aka dafa aka yi ta juyawa har ta ƙafe ta koma dunƙule. Indiya ce kan gaba a duniya wajen samar da madara, ga shanu ga ɓaunar gida, don haka kayan zaƙinsu daga garkensu suke fitowa, raken ma daga gonarsu. Mu kuwa, duk da shanun da ke kai-komo tsakanin Dungas da kasuwar Maigatari, gullisuwarmu da alewar madararmu da madarar gwangwani ko ta buhu ake yin su, wadda ta hau jirgin ruwa ta hau mota kafin ta iso. Fulawa haka, sukari haka. Mun ga ma'anar wannan da idonmu lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka sake garƙame ta har zuwa watan Maris na 2024. Mata da yawa masu sana'ar cincin da alewar madara sun kife kaskonsu, saboda in an sayi kayan da tsada, yaron da ke riƙe da dala biyar ba zai ƙara komai a kai ba. Mai kantu da mai dakuwa sun ji jiki su ma, amma riɗinsu da gyaɗarsu a nan suke, sai suka lallaɓa.

Wannan ne ya sa nake ganin in za mu kwaikwayi Indiyawa, ba girkin ya kamata mu fara ɗauka ba. Mu duba abin da suka yi da tsofaffinsu. A ƙauyen Gudibada da ke jihar Andhra Pradesh, an yi wata tsohuwa mai suna Mastanamma. A 2016 wani saurayi daga zuri'arta shi da abokinsa suka fara ɗaukar ta tana girki a bakin gona, a kan murhun duwatsu, da itace, tana yanka da hannu tana dariya babu haƙori. Kazar da ta dafa a cikin ƙoƙon kankana ta zagaya duniya. Ta rasu a watan Disamba na 2018, ana cewa ta haura shekara 100, amma har gobe duk mai so zai buɗe waya ya ga yadda take riƙe ludayi. A jihar Tamil Nadu kuma, wani dattijo mai dafa abincin biki, Periyathambi, shi da jikokinsa suka buɗe tashar Village Cooking Channel a 2018, suna girki a fili cikin manyan tukwane, in sun gama su kai wa gajiyayyu. A 2021 mabiyansu suka kai miliyan 10. Ga Nisha Madhulika, matar aure da ta fara rubuta girke-girke a intanet a 2007, ta koma YouTube a 2011 tana da shekara hamsin da 'yan kai, da harshen Hindi take magana, kuma komai sai ta auna shi a gabanka.

Babu ɗayansu da ya je ya koyo girkin Faransa ko na Amurka don ya burge. Na gidansu suka ɗauka, da yarensu, suka sa masa awo, suka ajiye inda jikoki za su same shi. Shi ya sa yarinya a Bande ko Malawa, da ba ta taɓa ganin Ba'indiye ido da ido ba, take iya yin abincinsa a gwaji na farko.

Namu fa? Namu yana cikin hannu. Ka tambayi tsohuwa yadda ake nakiya, sai ta ce a wanke shinkafa, a shanya ta sha iska, a daka, a tankaɗe, a soya garin sama-sama har ya yi ƙamshi, a sa citta da kanumfari da masoro da kimba, a kawo zuma da soyayyen man shanu a yi ta kirɓawa a turmi. Ka ce zuma kamar yaya? Ta ce daidai. Ka ce kirɓin na tsawon wane lokaci? Ta ce har ta yi. Ba rowa take maka ba. Ita ma haka aka koya mata, tana tsaye kusa da turmi shekara da shekaru, har hannunta ya san nauyin taɓarya in nakiya ta kama. Irin wannan ilimi yana buƙatar yarinya ta zauna kusa da uwa tsawon yini, mu kuma mun ɗauke yarinyar mun kai ta lakwal, kuma daidai muka yi. To amma ba mu yi wa ilimin wata hanyar da zai bi ya same ta ba.

Nakiya da alkaki da dubulan suna da sauran numfashi, domin gara ba ta cika sai da su, kuma uwar amarya ba ta son a yi da ita a dangin ango. Ko su ɗin ma, a gari guda mata ƙalilan ne ake kai wa aikin, a biya su. Waɗanda na fi jin tsoron bacewarsu su ne na itatuwa. Tun kafin sukari ya wadata a karkara, iyayenmu na da zaƙinsu. Ana tsinto ɗinya in ta nuna ta yi baƙi, a jiƙa, a murje, a tace ta cikin kwando, a ɗora ruwan a wuta tun safe har ya yi kauri ya koma maɗi. In aka ƙara masa wuta ya yi danƙo, sai a rataya a jikin turke a yi ta ja ana ninkewa har ya yi haske, a yayyanka, ga alewa. Ana busar da 'ya'yan magarya, itacen da garinmu ke amsa sunansa, a daka a fitar da gari, a yayyafa ruwa a dunƙule a turara, ya zama akuri, guzurin matafiyi da makiyayi. Ga garin ɗorawa mai ruwan ƙwai da ake damawa, ga goriba, ga kanya. A ajin da nake koyarwa na tambayi wa ya taɓa shan maɗi. Hannun da aka ɗaga bai cika yatsun hannu guda ba, kuma dukkansu 'yan ƙauye ne da aka kawo gari riƙo.

Magaryar ma akwai labarin Indiya a jikinta. Wannan mai manyan 'ya'ya da ake kira tuffar Sahel, irin magaryar Indiya ce, can suna ce mata ber, aka ɗauko reshenta aka aura wa tamu ta gida. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda hedikwatarta ke kusa da Haidarabad a Indiya, take kuma da reshe a Sadore kudu da Yamai, tana cikin waɗanda suka yaɗa ta. Saiwar tamu ce, mai jure fari, 'ya'yan nasu ne. Manomi ya karɓi baƙon reshe bai tumɓuke itacensa ba.

Kayan aikin kuma ba su ƙare mana ba. Fadamun Korama, daga wajejen Bande da Wacha har zuwa Guci da Dungas, suna ba da rake da dabino. In sanyi ya shigo, motoci ke lodin rake zuwa Damagaram da gaba, mu kuma mu bi shi da ɓawo a bakin titi. Kusan dukkansa shan baki ake yi, mazarƙwailar da za a yi da shi kuma sai mu saye ta daga ƙetaren iyaka. Riɗi muna nomawa, 'yan kasuwa su kwashe a buhu. Gyaɗa kuwa ita ce tarihin yankin nan gaba ɗaya. Kafin yuraniyom, da ita Nijar ke samun kuɗin waje, don ita aka kafa kamfanin SONARA a 1962, har masana'antar matsar mai aka yi a Magarya. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, su suka karya wannan zamani. Amma gyaɗar ba ta bar gidajenmu ba, mata suka riƙe ta da ƙuli-ƙuli da tunkuza da mai da dakuwa, kuma kuɗin littafin yara da yawa daga wannan kasko yake fitowa.

Yanzu mu zo bakin ƙofar makaranta, inda ni da 'yan uwana malamai muke ganin abin kullum da ƙarfe goma. Da can faranti ne na kantu, dakuwa, carbin malam, iloka, hanjin ligidi, dafaffiyar gyaɗa. Har yanzu akwai su, amma tiren da yara suka fi yi wa layi shi ne na alewar leda mai rina harshe ja ko shuɗi, da cingam, da garin lemo da ake lasa a tafin hannu, da ruwa mai launi da aka daskarar a leda. Wasu ko sunan wanda ya yi su babu, balle ranar lalacewa. Bayan an koma aji, filin makaranta sai ka ce an yi ruwan leda, awaki na bi suna ci.

Kada a ce na ce kantu magani ne. Sukari sukari ne, ko a alkaki yake ko a leda, zuma ma likitoci a layi guda suke sa ta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, in da hali ma a tsaya ƙasa da kashi 5, wato kamar giram 25, ƙaramin cokali shida ga babba. Kwalbar lemo guda ta wuce haka. Indiyar da muke sha'awa tana ɗanɗana kuɗarta: wani babban binciken da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta fitar a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon sukari a can sun kai miliyan 101. Wannan ba a nuna shi a bidiyon jalebi. Iyayenmu kuma, da ba su karanta ko ɗaya daga cikin alƙaluman nan ba, sun sa wa zaƙi lokaci: alkaki na biki ne, nakiya ta suna ce da sallah, ba abin karin kumallo ba.

Duk da haka, tsakanin dunƙulen dakuwa da alewar leda akwai tazara, kuma mu mutanen Magarya mun fi kowa sanin ta. Tun 2005 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta fara aiki a nan saboda tamowa, kuma duk damina, in zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ƙarewar hatsi a rumbu, sashen yara na asibitin gari cika yake yi. Me ake ba yaron da ya rame? Wani ƙulli a 'yar jaka mai giram 92, Plumpy'Nut, wanda har a Yamai ana yin sa. Ka karanta abin da ke ciki: gyaɗa, madarar gari, sukari, mai, sai sinadaran gina jiki da aka ƙara. Ba na cewa dakuwa za ta maye gurbinsa, wancan magani ne da aka auna, kuma yaron da ya kamu asibiti za a kai shi. Ina dai nuna cewa gyaɗar da duniya ta dogara da ita wajen ceto yaranmu ita ce muke bari a faranti muna saya musu ruwa mai launi. Yaron da ya fito gida bai karya ba, in dala biyar ɗinsa ta tafi ga kantu ko dakuwa, ya sa wani abu a cikinsa da zai kai shi azahar. In ta tafi ga alewar leda, harshe kawai ya rina.

Akwai inda maganar ke da ƙaya, kuma ba zan tsallake shi ba. Farantin kantun nan, sau da yawa yarinya ce ke ɗauke da shi, wadda ya kamata a ce tana cikin aji. Wanda duk ya yabi sana'ar gida a ƙasar Hausa bai ambaci talla ba, ya faɗi rabin magana. A wata makarantar da na zauna, ƙungiyar iyaye mata ta shirya da darakta cewa tsofaffi biyu za su riƙa zama a gindin bedi da farantan matan unguwa, kowace ta san nata, a rufe da mayafi mai tsabta saboda ƙuda da ƙura, a yi lissafi bayan an tashi. Bai kawar da talla a garin ba. Amma 'yan mata shida da na sani sun daina fita ana tsakiyar darasi.

Abin da na gwada a ajina kuma ba ya cin ko dala. Na ba yara aikin gida na mako biyu: kowa ya je wurin kakarsa ko gwaggonsa ko maƙwabciya, ya zauna ranar da take yin wani abin zaƙi, ya rubuto yadda ake yi da Hausa, daki-daki. Sharaɗi guda na sa, ban yarda da "daidai" ko "kaɗan" ba. In tsohuwa ta ɗebi riɗi da hannu, a tare shi a gwangwanin tumatir a ga ko nawa ne kafin ya shiga kasko. In ta ce a bar shi har ya yi, a duba agogon waya, a kuma tambaye ta da me take ganewa.

Abin da ya dawo ya fi ƙarfin darasi guda. Yara uku sun kawo kantu, awo uku daban-daban, sai muka hau allo da lissafin kaso: in gwangwani huɗu na riɗi na cin ɗaya da rabi na sukari, tiya guda nawa za ta ci? Nawa aka kashe, guda nawa aka yanka, ina riba in an cire itace? Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a darasin lissafi ba ita ta gyara mini kuɗin itacen, don ita ke sayowa. Wani yaro ya rubuto cewa kakarsa na ɗiga ruwan sukari a ƙoƙon ruwan sanyi, in ya dunƙule ya yi, in ya baje da saura. Wata ta ce tata tana shafawa tsakanin yatsa biyu ta ga ko zai yi zare. Na nuna musu bidiyon wata Ba'indiya tana yin wannan gwajin na yatsa, har suna ƙirga shi, zare ɗaya, zare biyu, kowane da irin abin da ake yi da shi. Ajin ya kaure da ihu. Daga nan muka shiga dalilin da ya sa ruwa ke tafiya sukari ya rage, da abin da ke sa ƙullin alkaki ya tashi in ya kwana, da aikin da tsamiya ke yi don kada ruwan sukari ya koma ƙanƙara.

Ga rubutun kansa. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma duk malamin da ya riƙe aji ya san ƙarancin abin karantawa da Hausa wanda ya shafi rayuwar yaro. Ga shi kuwa yara sun rubuta da kansu, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace bayan mun yi gyara, da kalmomin da ba sa cikin littafin aji: kirɓi, turara, tankaɗe, ɓarza. Na ɗinke takardun da zare, suna cikin akwatin aji, 'yan bana na karanta na 'yan bara.

Saura ɗaukar hoto, wanda shi ne yaran suka fi ɗoki. A nan sai an bi a hankali. Ba kowace uwa ce za ta yarda fuskarta ta shiga waya ba, ba kowane maigida ne zai yarda ba, kuma suna da hujja, domin abin da ya shiga intanet ba ya dawowa. Amma bidiyon girki ba ya buƙatar fuska. Yawancin na Indiyar da 'ya'yanmu ke kallo hannu ne da tukunya da murya. A nemi izini, a ɗauki hannu da turmi, a bar tsohuwa ta yi bayani da bakinta, da karin harshenta na Damagaram, kada a sa mata kiɗa a kai. Ba dole sai an sa a YouTube ba. A tura a zauren WhatsApp na dangi, a ba mai cajin waya ya zuba wa mata a katin waya kamar yadda yake zuba musu finafinai. Matan Kano da Kaduna da Yamai sun riga sun cika Facebook da Instagram da girke-girke da Hausa, wasu har makarantar girki suke yi ta waya ana biyan su, sai dai galibi kek ne da kayan fulawa irin na birni, masu buƙatar tanda ta lantarki da firji. Mai murhun itace a Dogo-Dogo ba ta da wanda ke magana da ita.

Wanda zai yi wannan aiki sai ya bi kalandar gona, don ba a yin su duka a wata guda. Kantu da dakuwa bayan kaka ne, in riɗi da gyaɗa sun shigo gida suna araha. Akuri sai sanyi, in magarya ta bushe a kan ƙaya. Nakiya da alkaki, a jira bikin da ke tafe a dangi, a roƙi mai yi ta bar yara biyu su zauna kusa da ita da littafi da gwangwani. Maɗi kuwa sai ƙarshen damina, in ɗinya ta nuna. A unguwarmu mace guda ta rage da ke dafa shi, kuma na riga na je na gaishe ta na faɗa mata buƙata. Ta ce ta yarda, amma ƙafa ta hana ta zuwa daji, sai dai yaran su tsinto mata ɗinyar, kwando biyu, su haɗo da itace.